Roxy: gidan silimar da ya yi shekara 33 a tsakiyar birnin New York

Jama'a, barkanmu da yamma. Abubuwa uku zan taɓo game da gidan silima na Roxy: yadda aka gina shi, mutumin da ya tafiyar da shi, da dalilin da ya sa aka rushe shi.

Na farko, ginin. An buɗe Roxy ranar 11 ga Maris, 1927, a kan titi na 50, kusa da dandalin Times Square, bayan an kashe kimanin dala miliyan 12. Kujerunsa 5,920 ne. Wanda ya ɗauko aikin, Herbert Lubin, kuɗi sun yanke masa, sai ya sayar da kasonsa ga William Fox, mai kamfanin fina-finai na Fox, ana saura kwanaki kaɗan a buɗe. Filin kuma ba shi da tsari mai kyau, don haka mai zanen ginin, Walter Ahlschlager, ya karkata zauren ya kai dandamalin kusurwa domin kujerun su samu wuri.

Sunan gidan kuwa laƙabin manajansa ne, Samuel Rothafel, wanda kowa ke kira Roxy, kuma a nan nake so ku ba ni hankalinku. Rothafel ya fahimci cewa mutumin da ya yini yana aiki a masaƙa ko a shago, ya koma ɗan ɗakin haya mai zafi, ba fim kaɗai yake zuwa nema ba, yana son a karrama shi. Saboda haka tun daga ƙofa ake fara aikin. Mutum zai sayi tikiti mai araha, ya shiga wani makeken zaure mai ginshiƙai na marmara, ya taka kafet mai taushi, sannan wani saurayi sanye da kayan sarki ya tarbe shi cikin ladabi ya kai shi har kujerarsa.

Waɗannan samari masu raka 'yan kallo su ne abin alfaharin gidan. Rothafel ya yi aikin soja a ƙuruciyarsa, kuma da tsarin soja aka horar da su: ana jera su a sahu, a duba tufafinsu da takalmansu kafin su fara aiki, a koya musu yadda ake tsayuwa da yadda ake yi wa baƙo magana. Ku lura, ina maimaitawa, ba a tambayar wanda ya shigo ko ɗan wane ne. Lebura da attajiri gaisuwa ɗaya ake yi musu. A ganina wannan shi ne ainihin hajar da Roxy ke sayarwa, fim ƙari ne.

Ga kuma ƙungiyar makaɗa mai mutum 110, saboda a lokacin fim ba ya magana, kiɗa ne ke raka hoto. Ga 'yan rawa, ga na'urar sanyaya iska, har da ɗakin shan magani a cikin ginin. Na ga malamin da ke can baya yana murmushi. Ƙwarai kuwa, wanda fim ya sumar da shi ba sai an fita da shi waje ba.

To, abu na uku, rushewar, kuma zan gaggauta domin shugaban taro ya fara duba agogo. Wata bakwai da buɗe gidan fim mai magana ya fito, makaɗa suka fara zama nauyi. Tattalin arziki ya karye a 1929. A 1932 Rothafel ya koma Radio City Music Hall, wani sabon katafaren gidan silima da wasanni a birnin, ya tafi da 'yan rawarsa, waɗanda daga baya aka san su da suna Rockettes. A 1948 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da ya raba manyan kamfanonin fim da gidajen silimarsu, sannan talabijin ta shiga gidaje, mutane suka yi ta ƙaura zuwa unguwannin bayan gari. An yi ƙoƙari: a nan aka fara nuna fim da faffaɗan allon CinemaScope a 1953. Amma cika kujera kusan 6,000 kullum ya gagara, filin kuma ya fi ginin daraja a idon masu kuɗi. An rufe gidan ranar 29 ga Maris, 1960, aka rushe shi a wannan shekarar. Gloria Swanson, wadda da fim ɗinta aka buɗe shi, ta tsaya a cikin ɓaraguzan aka ɗauke ta hoto don mujallar Life.

Na'am, hajiya? Tana tambaya ne ko hukuma ba ta da ikon hana rushewar. A 1960 ba ta da shi, domin birnin New York ba shi da dokar kare gine-ginen tarihi, mai gini yana iya yin abin da ya ga dama da kayansa. Sai da aka fara rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a 1963, jama'a suka fusata, sannan aka kafa dokar a 1965. Ita ce ta ceci Radio City a 1978 lokacin da masu shi suka sanar da niyyar rufe shi, aka sanya cikin ginin a jerin wuraren da ba a taɓawa sai da izinin hukuma. Akwai wata tambayar?