Lacca Kan Manyan Duwatsun Kiristal Na Kogon Naica

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Wannan farin dutse da ke hannuna, wanda haske ke ratsa shi kamar gilashi, sunansa jifsam, kuma da garinsa ake yin silin na POP a gidajenmu. Ku duba yadda farcena kaɗai ya bar masa zane. Taushinsa ya kai haka.

Irinsa ne masu haƙar dalma da azurfa suka tarar a shekarar 2000 a Naica, cikin jihar Chihuahua ta ƙasar Meziko, a cikin wani babban kogo mai zurfin kusan mita 300 a ƙarƙashin ƙasa, sai dai nasu ginshiƙai ne masu gicciye da juna, wasu tsawonsu ya kai mita 11. Tambayar da ta dame ni tun farko ita ce, me ya sa suka yi wannan girma?

Amsar da masani Juan Manuel García-Ruiz da abokan aikinsa suka bayar a 2007 tana cikin zafin ruwan da ya cika kogon kafin masu haƙa su zuƙe shi. Akwai wani ma'adini mai suna anhaidirait, wato jifsam da babu ruwa a jikinsa, wanda yake zaune lafiya muddin zafi ya haura digiri 58 a ma'aunin Celsius, amma da zarar ya sauko ƙasa da haka sai ya fara narkewa, abin da ya narke kuma ya taru ya zama jifsam. Narkakken dutse da ke can ƙarƙashin kogon ya riƙe ruwan a ɗan ƙasa da wannan mizani na tsawon dubban ɗaruruwan shekaru, don haka ƙwayoyi kaɗan ne suka fara tsira, kuma su kaɗai suka ci gaba da samun abin da zai ƙara musu girma. A Kogon Takubba da ke sama, wanda aka gano a 1910, ruwa ya huce da sauri, sai kiristal, wato waɗannan duwatsu masu kama da gilashi, ya fito da yawa amma ƙanana, masu siffar takubba.

Masu tara irin waɗannan duwatsu suna daraja wanda gefensa bai fashe ba, tare da takardar da ke nuna inda aka samo shi, domin dutse marar takarda ya rasa rabin labarinsa. Ina ƙaunar wannan sana'a, amma raina yana ɓaci idan na tuna yadda aka riƙa ɓallo takubban kogon sama ana sayarwa. Babban kogon kuwa an sa masa ƙofar ƙarfe, sannan a 2015 aka daina zuƙe ruwan mahaƙar, ruwa ya fara komawa inda yake tun asali.