A Je Gwaji, Maigida da Iyalinsa Tare

Rahoton wata na ƙungiyarmu ta Hausawan Garwa, a nan Kamaru, ba shi da tsawo. An gyara rufin makarantar allo, an kai ta'aziyya gida biyu, takardun suna hannun Ma'aji ga mai son dubawa. Shugaba, ka yi mini izini in wuce ga abin da ya dame ni.

Matar wani ɗan'uwanmu ta haifi ɗa ba rai, karo na biyu. Ba zan kama suna ba, kada kuma a fita ana lalube. Sai a wannan karon aka ɗebi jininta, aka ga tunjere. Malam Liman, iyayena, ku gafarce ni, maganar da nauyi, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Tunjere yakan fara da ɗan gyambo guda a gaba ko a baki, kamar mako 3 bayan an kamu. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, cikin mako 3 zuwa 6 ya bushe da kansa, mutum ya ce Alhamdu lillahi. Alhali cutar ta shige jini. Daga baya wasu su ga ƙuraje a tafin hannu da tafin ƙafa, su ma su ɓace, ta yi shekaru tana ci kamar wutar ƙaiƙayi. Gwajinsa fa ɗigon jini ne daga yatsa, minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. Maganinsa allurar penisilin ce mai suna benzathine: guda ɗaya in sabon kamu ne, guda uku mako-mako in ya daɗe. Da an yi wa baiwar Allah nan wannan a farkon ciki, da yardar Allah da yanzu suna muka ci, ba ta'aziyya ba.

Sai ciwon sanyi. Namiji yakan gane cikin 'yan kwanaki: zafin fitsari, mugunya fara ko ruwan ɗorawa tana ɓata wando. Mace kuwa sau da yawa ba ta jin komai, musamman da wanda ake kira kilamidiya, har ya hau mahaifa ya toshe hanyar ƙwai. Daga nan sai ciwon mara da rashin haihuwa, dangin miji su ce juya ce. Jariri kuma yana iya ɗauka a ido wajen haihuwa, in aka yi sakaci ya makance.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne kafso na bakin tasha. Direbobinmu na hanyar Gaundare zuwa Kusiri, da ku nake. Mutum ya haɗiyi ja-da-yalo huɗu, zafi ya lafa, ya koma gida. Ƙwayar cutar ba ta mutu ba, ta ma saba da maganin. Shi ya sa yau allurar ceftriaxone ake yi, a haɗa da doxycycline safe da yamma kwana 7, mai ciki kuma a canza mata wani. In za a gwada fitsari, kada ka yi fitsari aƙalla awa ɗaya kafin nan, kuma na farkon fitowa ake tara. Ka gaya wa likita duk abin da ka sha. Bayan magani a ƙaurace wa shimfiɗa kwana 7. Mai mata uku, su huɗu za a yi wa magani lokaci guda, har wadda ta ce lafiyarta lau. In aka bar mutum ɗaya, cutar ta sake zagaye gidan.

Ƙanjamau kuma, tun Janairun 2020 gwajinsa kyauta ne a asibitocin gwamnatin Kamaru, maganin ma kyauta tun 2007. Gwajin gaggawa ba ya ganin kamuwar jiya, don haka a maimaita bayan wata 3. Wanda ya san ya shiga haɗari, ko aka yi wa fyaɗe, akwai maganin kariya na kwana 28, amma sai an fara cikin awa 72. A nemi gwajin ciwon hanta nau'in B a zama ɗaya.

Don Allah kada sakamako ya zama takardar saki. Tunjere yana iya girmar auren, ciwon hanta yawanci tun ƙuruciya ake ɗaukarsa, kuma ba kowane farin ruwa ne daga kwanciya ba.

Da a garuruwanmu na asali ne, da gwaggo ko kaka ta ja yarinya zuwa awo tun wata na biyu. A nan Garwa ba mu da kowa sai junanmu. Mu da ba mu taɓa barin gawar Bahaushe ta kwana don rashin likkafani ba, za mu kasa sefa 6000 na takardar Chèque Santé da ke ɗauke wa mai ciki kuɗin awo da haihuwa? Matar ɗan'uwan nan ba ta je awo ba don babu kuɗi, mijin kuma ya ji nauyin roƙo.

Asusun jin daɗi ya kusa ƙarewa domin da yawa ba su biya kuɗin wata ba. Ina roƙon a amince yau asusun ya saya wa duk mai cikin da ta gaza wannan takarda, a asirce, ta hannun Shugabar mata. Hajiya, ki tara mata ranar Asabar, unguwarzomar asibiti za ta zo. Masu bashi, Ma'aji yana bakin ƙofa da littafi.