Amsoshin Tambayoyinku: Tara Katunan Gadoji da Musayarsu

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Wasiƙun da muka ware na wannan mako duk a kan abu guda suke, wato katin wasiƙa mai hoton gada ko wani sanannen gini, irin wanda ake manna wa kan sarki a jefa a gidan waya ba tare da ambulan ba.

Za mu fara da wani mai sauraronmu daga Damagaram. Ya ce yana jin ana musayar irin waɗannan katuna da mutanen ƙasashen waje, shin ta ina ake farawa, kuma ana biyan kuɗi?

To malam, hanyar da aka fi bi ita ce dandalin Postcrossing, wanda wani ɗan ƙasar Fotugal mai suna Paulo Magalhães ya kafa a watan Yulin 2005. Rajista kyauta ce, abin da zai ci maka kuɗi kawai katin ne da kan sarki. Idan ka yi rajista sai ka nemi adireshi, a ba ka na wani mutum da ba ka taɓa sani ba, haɗe da wata lamba mai farawa da haruffan ƙasarka: NE ga Nijar, NG ga Najeriya, GH ga Gana. Ka rubuta lambar a jikin katin ka aika. Ranar da ya isa, mutumin zai shigar da lambar, daga nan ne za a miƙa naka adireshin ga wani daban ya aiko maka. Ka lura, wanda ka aika wa ba shi ne zai rama maka ba. Sabon shiga kati biyar ake barinsa ya sa a hanya lokaci guda, adadin yana ƙaruwa yayin da katunansa ke isa. Katin da ya kwana sittin ba a shigar da lambarsa ba ana cire shi daga lissafin waɗanda ke hanya domin ka samu damar aika wani, amma ko ya isa a makare za a iya shigar da shi har tsawon shekara guda.

Tun da gadoji kake so, ka faɗi haka ƙarara a bayanin kanka. Sai dai roƙo ne, ba dole ba ne a kan kowa. Mai son cika jeri sai ya buɗe ƙofar musayar kai tsaye, ya ce wa wani ga katin masallacin Agadas, a ba ni na gadar Forth ta Sukotlan. Kuma kada ka raina abin da ke hannunka. Katunan Jamus da Amurka sun cika dandalin, na yankinmu kuwa ba su da yawa, saboda haka za ka ga ana rububin naka.

Sai wata malamar makaranta daga Kumasi. Ta ce ta aika kati huɗu, biyu kawai aka tabbatar sun isa, ɗaya ma aka ce mata rubutun ya cakuɗe.

Malama, yawancin matsalar tana bayan katin ne. Kati mai sheƙi ba ya shan tawadar ruwa, ko awa guda aka bar shi yatsa na taɓawa zai goge. Ki yi amfani da biro na gama-gari, ki fara gwada shi a kusurwa. Adireshin ki kwafe shi harafi bayan harafi yadda aka ba ki, kada ki gyara tsarin layukan, sannan sunan ƙasar ya zo a layin ƙarshe da manyan baƙaƙe, da Turanci ko Faransanci. Idan na Sin ne ko Rasha ko Japan, mafi aminci ki buga shi a takarda ki yanka ki manna da gam, ki tabbata ko'ina ya kwanta, don injin tantance wasiƙu yana fizge duk bakin da ya ɗago. Kan sarki a kusurwar sama ta dama. Ƙasan katin kuma ki bar kamar santimita ɗaya da rabi babu rubutu, nan ne injina a ƙasashe da yawa ke buga layukansu.

Lambar nan ta Postcrossing ki rubuta ta sau biyu, a wurare biyu masu nisa da juna, ko da hatimi zai danne ɗaya. Kada ki sa ta kusa da adireshi, ana iya ɗaukarta a matsayin lambar unguwa. Batun kuɗi kuwa, ki tambaya a kanta nawa ne kati zuwa ƙasar da za ki aika, domin farashi na canjawa, kuma katin da kan sarkinsa bai cika ba yana iya maƙalewa a hanya. Girman da aka saba da shi santimita 10.5 ne da 14.8. Wanda bai kai 9 da 14 ba, ko mai siffar zuciya ko da'ira, sai dai a ambulan.

Tambaya ta uku ta fito daga wani dattijo a Zariya, kuma ita ce za mu ɗan jima a kanta. Ya ce ya gaji kwalin tsofaffin katuna, da yawansu babu kwanan wata, yana son sanin yadda ake gane shekarunsu.

Baba, Allah ya ƙara girma. Ku fara juya katin, ku bar hoton tukuna. Katin gidan waya na farko ya fito ne a daular Ostiriya da Hangari ranar 1 ga Oktoban 1869, kuma shekaru da yawa bayan haka adireshi kaɗai doka ta yarda a rubuta a baya. Saƙon sai dai a matsa shi a gefen hoto. Layin nan da ya raba baya gida biyu, hagu saƙo dama adireshi, Birtaniya ta amince da shi a 1902, Jamus a 1905, Amurka a 1907. Don haka idan kun ga kati mara wannan layi, ga kuma wani farin fili a ƙasan hoton da aka tanada don rubutu, to kusan tabbas ya haura shekara ɗari da goma.

Daga nan ku duba sunan ƙasa da irin kuɗin da ke kan sarki. Kan sarki mai ɗauke da sunan Arewacin Najeriya shi kaɗai na kafin haɗewar 1914 ne. Na Najeriya mai sule da kwabo na kafin 1973 ne, shekarar da naira ta shigo. Mai sunan Gold Coast, wato Gana ta yanzu, na kafin 1957 ne. Idan an rubuta cewa a Jamus ta Yamma aka buga katin, to tsakanin 1949 da 1990 ne.

Su kansu gadojin suna tona shekarunsu, wannan ne ma daɗin tara su. Gadar birnin Lisbon da aka buɗe a 1966 sunan Salazar, mai mulkin Fotugal a lokacin, aka sa mata, sai bayan juyin mulkin 1974 ta koma gadar 25 ga Afrilu, ka ga duk katin da ke da sunan farko shekara takwas kacal yake da su. Gadar Bosforos ta Istanbul an buɗe ta a 1973, aka sake mata suna a 2016. Tsohuwar gadar Mostar a Bosniya, wadda Usmaniyawa suka gina a 1566, an rusa ta a yaƙi ranar 9 ga Nuwamban 1993, aka sake gina ta a 2004. A katunan kafin yaƙi dutsenta ya yi duhu ya ci shekaru, a na farkon sake ginin kuwa fari ne tas. Akwai kuma gadar Tacoma ta farko a Amurka, wadda aka buɗe a Yulin 1940 iska ta karya ta a Nuwamban shekarar, wata huɗu kawai ta yi a tsaye.

Ku kula da kurin da masu buga kati ke yi a baya, na cewa wannan ce gadar da ta fi kowace tazara tsakanin ginshiƙanta a duniya. Gadar Golden Gate ta Amurka ta riƙe wannan kambu da mita 1,280 daga 1937 zuwa 1964. Verrazzano ta Niyok ta karɓa har 1981, sai Humber ta Ingila har 1998, sai Akashi ta Japan mai mita 1,991, wadda gadar Canakkale ta Turkiyya ta kere a 2022 da mita 2,023. Amma fa a yi hattara, maɗaba'a takan ci gaba da buga tsohon rubutu bayan an wuce wurin, kuma kati yakan yi shekara goma a kanti kafin a saye shi. Hatimin gidan waya yana gaya muku ranar da aka aika ne kawai. Abin da za ku iya rantsuwa a kai shi ne katin bai fi hatimin ƙuruciya ba.

Abu na ƙarshe, Baba, ku samu gilashi mai ƙara girma ku duba sararin sama a hoton. In kun ga ɗigo-ɗigo a jere kamar raga, bugun inji ne. In launin ya tafi sumul babu ɗigo, ainihin hoto ne da aka wanke a kan takardar kati, kuma irin waɗannan sau da yawa kaɗan aka yi su. Idan kun ci karo da sunan Fortier a jikin wani, ku ware shi gefe. Bafaranshe ne mai ɗaukar hoto da ya zauna a Dakar a farkon ƙarni na ashirin, katunansa na Afirka ta Yamma suna da masu nema.

Wani ɗalibi daga Garwa ya ce an aiko masa kati mai gada da hasumiya biyu, mai aikowa ya rubuta London Bridge, amma abokinsa ya ƙaryata. Abokinka ne ke da gaskiya. Mai hasumiya biyu da tsakiyarta ke ɗagawa jirgin ruwa ya wuce ita ce Tower Bridge, ta 1894. London Bridge ta yanzu shimfiɗaɗɗiyar gada ce ta kankare, ba ta da wani ado. Wadda ta gabace ta kuwa an sayar da ita a 1968 ga wani attajiri Ba'amurke, aka kwashe duwatsunta zuwa jihar Arizona aka sake harhaɗa ta, aka buɗe a 1971. In ka ga katin London Bridge da itatuwan dabino a gefe, ba kuskure ba ne.

Sai wata baiwar Allah daga Jos da ke tambaya ko ta kai katunanta a yi musu laminatin don kada su lalace.

Hajiya, kul! Laminatin zafi ne da gam, ba ya ɓaruwa, kuma katin da aka yi wa ya tashi daga abin tarawa. Haka salatef, yana barin jan tabo da ba ya fita. Robar ɗaure kuɗi tana narkewa da zafi ta manne, ƙusar takarda tana tsatsa. Ledar da za ki guje wa ita ce mai taushi mai warin sabon labulen banɗaki, wato PVC, don tana fitar da maiƙo da ke ɗauke launin hoto. Ki nemi mara wari da aka rubuta wa PP, kati guda a leda guda. Ki jera su a tsaye cikin kwali kamar fayil, kada ki ɗora su a kan juna, nauyi da laimar damina suna haɗa fuskar wani da bayan wani. Kwalin ya kasance a kan kanta, nesa da ƙasa da bango saboda gara, kuma nesa da rufin kwano. Ki jefa ƙananan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi, guda biyu ko uku, ki riƙa canja su duk damina. Ƙurar hunturu da buroshi mai laushi ake kaɗe ta, tsumma mai ruwa yana kumbura takarda. In za ki yi wata alama, da fensir mai laushi, a baya, a kusurwa. Kuma kada wani ya ruɗe ki ki jiƙa kati don cire kan sarki. Katin da kan sarkinsa da hatiminsa a haɗe sun fi daraja a kan kowannensu shi kaɗai.

Ta ƙarshe daga wani matashi ne a Kaduna. Ya ce ya zagaya bai samu katin gadojin ƙasarmu ba, ko zai iya buga nasa?

Za ka iya, kuma abin ɗauka bai ƙare ba: gadar jirgin ƙasa ta Jebba, tsohuwar gadar Makurɗi ta 1932, gadar Anaca ta 1965, gadar Kennedy ta Yamai ta 1970, ga ƙaramar gadar Lugga nan a garinku wadda daga Zungeru aka ɗauko ta. Hoton ya zama naka ne ko wanda mai shi ya ba ka izini, kuma ka nemi yardar jami'an tsaro kafin ka ɗaga kyamara a kan gada, musamman ta jirgin ƙasa ko ta kan iyaka. Ka gaya wa mai maɗaba'a kana son takarda mai nauyin giram 300 zuwa 350, gaba mai sheƙi, baya mara sheƙi don biro ya kama. Hoton kada ya gaza ɗigo 1,748 a tsawo da 1,240 a faɗi, a ƙara milimita uku a kowane gefe saboda yanka, in ba haka ba za ka ga farin zare a bakin katin. Takardar wanke hoto ta situdiyo ba ta yi, tana lanƙwashewa a jakar wasiƙu. A baya, can sama ta hagu, a buga sunan gadar da kogin da garin da shekarar da ka ɗauki hoton da ƙananan baƙaƙe. Ka fara da gwajin guda goma, ka aika wa kanka ɗaya ta gidan waya ka ga yadda zai dawo kafin ka ba da odar ɗari. Wasu a dandalin sukan rubuta cewa ba sa son katin da mutum ya buga da kansa, sai ka karanta bayanin kowa kafin ka zaɓar masa.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun, har da ta mai tambaya a kan katunan da ake manna wa kan sarki ta gefen hoto, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.