Kwalbar Lemo a Wurin Fatin Yara: Abin da Iyaye Za Su Lura da Shi

A duk lokacin da aka kammala jarrabawar WAEC da NECO, ko aka shiga hidimar Sallah, matasa a unguwannin Gombe, daga Pantami zuwa Tumfure, sukan haɗa kuɗi su kama ɗakin taro ko su ari gidan wani abokinsu domin yin fati. Iyaye da yawa suna sakin jiki saboda sun tabbatar ba za a shigo da giya ba, alhali kuwa abin da ya fi illa yakan shigo ne a cikin kwalbar lemo da aka riga aka buɗe, aka zuba mata maganin tari mai kodin ko aka narkar da ƙwaya a ciki.

Binciken da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka (UNODC) ta gudanar tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a shekarar 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 ne ke ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, kuma ɗaya daga cikin kowane huɗu mace ce. Wannan adadi na ƙarshe ya kamata ya tsaya mana a rai, domin mun saba sa ido a kan samari mu bar 'yan mata. A watan Mayu na shekarar ne gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, amma har yau ana samunsa a bayan fage, haka ma tiramadol mai ƙarfin miligiram 225, wanda ya zarce 50 da 100 da aka amince da su.

Saboda haka, idan a gidanku za a yi taron, to uwa ko uba ya kasance yana nan, yana leƙawa lokaci zuwa lokaci, ba ya rufe ƙofar ɗaki ya kwanta ba. Abin sha kuma daga hannunku zai fito, a rufe, kuma duk wanda ya zo da tasa kwalbar a karɓa a ajiye. Idan a waje ne, ku san gidan, ku kira iyayen da ke can, ku tsayar da lokacin dawowa. Sannan ku gaya wa yaron tun kafin ya fita cewa idan ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ya kira a zo a ɗauke shi ba tare da faɗa ba, domin tsoron duka shi ke sa yara su yi gum a inda ya kamata su nemi taimako.

Idan ya dawo, ku zauna da shi ko da minti biyar ne. Maganar da ke jan harshe, ido a lumshe, tangaɗi, ko harshen da ya yi shuɗi irin na mai shan ƙwayar sa barci da ake kira roci, duk alamu ne. Idan kuwa an tashe shi bai tashi ba, ko numfashinsa ya yi ƙasa, ko ya fara jijjiga kamar mai farfaɗiya, kada a ɗura masa madara ko manja, kada kuma a bar shi da sunan barci zai sake shi. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a tafi da kwalbar ko takardar ƙwayar domin likita ya san abin da ya sha.