Sharhi: Abinci Da Barci Kafin Wa'azi

Jama'a masu sauraro, sharhinmu na yau daga Gombe ya shafi mai bi wanda ya yi addu'a, ya yi azumi, ya ba da baiko, amma abin da ya roƙa bai samu ba. Wataƙila manomi ne a Billiri da ya ci bashin taki, ruwan sama ya ɗauke sa'ad da masara ke goyo. Wataƙila mace ce a Kaltungo, shekara goma da aure ba haihuwa.

Irin wannan mutum ba ya barin majami'a rana ɗaya. Yakan koma bencin baya, daga nan ya daina waƙa, sai ya riƙa fita kafin a sa albarka. Kafin dattawa su farga, an yi wata uku ba a gan shi ba.

Inda muke kuskure shi ne mukan je masa da bayani. "Ɗan'uwa, ka binciki kanka." "Bangaskiyarka ce ta yi rauni." Sai mu ɗora masa azumin kwana uku. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, sun kuwa kyauta. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa ne suka ɓata, har Allah ya tsauta musu a sura ta 42.

Mu duba yadda aka bi da annabi Iliya a Sarakuna na Fari, sura ta 19. Bayan nasarar Dutsen Karmel, sarauniya Yezebel ta yi masa barazana, ya gudu jeji, ya roƙi mutuwa. Mala'ika bai yi masa faɗa ba. Ya tashe shi, ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashe shi ya ci. Sai da ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb Allah ya tambaye shi damuwarsa, ya kuma bar shi ya faɗe ta har sau biyu. Bayan haka ne aka ba shi aiki, aka shaida masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa gunkin Ba'al ba.

Wannan jerin ya kamata mu bi. A makonnin farko a kula da jiki: abinci a kan lokaci, barci, a jinkirta azumi. Kada a yanke babbar shawara, kamar sayar da gona ko barin aure, domin zuciyar da ke tafasa ba ta auna abu daidai.

Addu'a kuma ba sai doguwa ba. Minti biyar sun isa. Wanda ya rasa abin faɗa ya karanta Zabura 13 da murya. Aya shida ce kawai, sau huɗu marubucin yana tambayar Allah har yaushe. Zabura 88 ma a cikin duhu ta ƙare, kuma tana nan cikin Littafi Mai Tsarki. Kai kuka ga Allah ba saɓo ba ne.

Ga ikkilisiya, mutum biyu masu riƙe sirri sun fi ayarin mutum ashirin. Su tsayar da rana ɗaya a mako, su riƙa zuwa ko bai kira ba. Zumuntar Mata da dattawa, don Allah kada a sanar da matsalar mutum a bagade da sunan roƙon addu'a sai da yardarsa. Wannan ya kori mutane da yawa.

Idan aka wuce mako biyu ba barci, ba cin abinci, ba sha'awar komai, ciwon damuwa ne mai yiwuwa, a kai shi ga likita; akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Gombe. In ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, a kwashe maganin ƙwari da na ciyawa daga gidan, a nemi likita a ranar.

Murna takan dawo kaɗan-kaɗan, takan kuma ja da baya. A ba shi ƙaramin aiki, ko jera kujeru, ko riƙe ganga ɗaya a ƙungiyar mawaƙa. Ranar godiyar kaka, sa'ad da wasu ke shigowa da buhunan masara suna rawa, manomin nan na Billiri zai ji ciwon sabo fil. A tuna da shi tun ana sauran mako guda, wani ya biya masa gida da safe su tafi tare, ya kuma zauna kusa da shi har a tashi.