Kaset na aiki, lambar cikin kwali ta ƙi shiga: ga inda matsalar take

Assalamu alaikum jama'a, ku saurari wannan kiɗan tukuna. Ko wanda bai taɓa shiga gidan gem ba ya san shi, na Super Mario ne, Koji Kondo ya haɗa shi a 1985, kuma a 2023 babban ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka shi cikin sautukan da ƙasar ke adanawa saboda tarihi. A shekarar dai Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, ta fara ba wa kiɗan gem kyautarsa ta daban, Stephanie Economou ce ta fara ɗauka. Tun 2011 ma Baba Yetu ta Christopher Tin, wadda ke cikin gem ɗin Civilization IV, ta ci Grammy, kuma da Swahili aka rera ta. Ga bikin buɗe Olamfik na Tokyo a 2021, da kiɗan Dragon Quest da Final Fantasy 'yan wasa suka shigo fili. Ni wallahi abin na min daɗi, don mun daɗe ana ce mana hayaniyar yara ce kawai.

To yanzu da kiɗan ya yi daraja, wasu kamfanoni na haɗa shi cikin bugu na musamman, ka buɗe kwali ka ga kaset, gefe kuma ga 'yar takarda mai lamba, da ita za ka sauke kiɗan ko ƙarin matakai ko kayan sawa na cikin gem ɗin. A nan rigimar take, kuma ita ce tambayar da kuke ta turo min: mutum ya je kasuwar Gumi ko wani shago a Ahmadu Bello Way ya biya kuɗi masu kauri, kaset ya tashi lafiya lau, lamba ta ƙi shiga, sai ya koma yana cewa jabu aka sayar masa.

Sau da yawa ba jabu ba ne ɗan uwa. Kalli nan da kyau.

Kaset ɗin PS4 da PS5 ba ruwansa da ƙasa, na Amurka zai tashi a na'urar da aka kawo daga Ingila ko Dubai. Amma lambar nan tana da ƙasa. Shi ma akawun ɗinka na PlayStation yana da ƙasa, wadda ka zaɓa ranar da aka buɗe shi, kuma tunda Najeriya ba ta cikin jerin, yawancinmu Amurka ko Ingila muka danna, wasu ma mai shago ne ya buɗe musu ba su san me ya zaɓa ba. Kuma ba a canza ta daga baya. Idan kwali na Turai ne akawun na Amurka, lambar ba za ta shiga ba ko ka rubuta ta sau nawa, kamar ka sayi katin wani layi kana ta ƙoƙarin loda shi a wani layin ne.

Abin da ya fi ciwo ma, ka shiga shagon intanet na PlayStation da akawun ɗin Amurka ka sayi ƙarin matakai da kuɗinka, ya sauka tsaf, amma kaset ɗinka na Turai ya ƙi ganinsa, don a wurin na'urar gem biyu ne daban duk da sunansu ɗaya. Kuɗi sun tafi, data ta tafi.

Ya za ka gane? Duba ƙasan kwalin ta hagu. In ka ga harafi baƙi da fari, E ko T ko M, da rubutun ESRB, na yankin Amurka ne. In lamba ka gani mai launi, 3, 7, 12, 16 ko 18, da PEGI, na Turai ne. CERO kuma na Japan. Kafin ka fita daga gida ka duba ƙasar akawun ɗinka, ka je shago ka daidaita su, shi ke nan. In ka riga ka saya kuma, buɗe sabon akawun na ƙasar kwalin kyauta ne, ka shigar da lambar a can, ka saita na'urar a matsayin babbar na'urar wannan akawun ɗin, galibin abubuwan za su buɗe wa sauran akawun ma.

Sauran a gurguje. Kaset ɗin hannu, ka ɗauka kawai an riga an yi amfani da lambarsa, sau ɗaya take aiki, kar a ƙara maka kuɗi saboda ita. Akwai PS5 da ba ta da wurin saka kaset kwata-kwata, duba taka kafin ka saya. Kuma kaset ba ya nufin ka tsira daga data, na Call of Duty: Modern Warfare II na 2022 abin da ke cikinsa bai kai MB 100 ba, sauran duk saukewa ne. Switch 2, na'urar gem ta Nintendo, ma tana da irin katin da mabuɗin sauke gem ɗin ne kawai, an rubuta a gaban kwalin, ka karanta tun kana gaban mai shago.