Lacca kan Shayi da Abincin Mutanen Azarbaijan

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, ɗalibai da sauran 'yan'uwa da suka samu halarta, sannunku da zuwa.

Yau za mu leƙa Azarbaijan, ƙasar da ke gaɓar Tekun Kasfiya, Rasha a arewa da ita, Iran a kudu, babban birninta kuwa Baku. Yawancin mutanenta Musulmi ne, ta kuma samu 'yancinta a 1991 lokacin rugujewar Tarayyar Sobiyat. Abin da nake so ku lura da shi, a can abinci yakan isar da saƙon da baki ke jin nauyin faɗa, kuma ba a cin sa a gurguje.

Mu fara da shayi, domin da shi ake tarbar baƙo tun kafin a ji abin da ya kawo shi. Baƙin shayi ne, ba madara, ana zuba shi a ɗan kofin gilashi mai tsukakken ƙugu da suke kira armudu. Saboda wannan ƙira, na sama yana hucewa a sha, na ƙasa yana nan da zafinsa. Yawanci ba a dama sukari a ciki. Mutum ya gatsi ƙwarar sukarin ya kurɓi shayi a kai, ko ya haɗa da 'ya'yan itacen da aka dafa da sukari, irin su ɓaure. Suna noma ganyen da kansu a kudancin ƙasar, wajen Lankaran da Astara. A 2022 UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa al'adar shayin Azarbaijan da Turkiyya cikin jerin gadon al'adu na duniya.

To ku ji inda abin ya fi burge ni. Idan magabatan saurayi suka je neman aure, akan zauna a yi gaisuwa, a gabatar da buƙata. Idan iyayen yarinya sun amince, sai a kawo shayi mai zaƙi, kowa ya sha, magana ta tabbata. Idan aka kawo shi babu sukari, baƙi sun fahimci amsa, su tashi da mutuncinsu. Ba wanda ya ce a'a, ba wanda aka kunyata. Ni dai ina ganin wannan dattako ne da ya cancanci a yaba.

Sai sarkin abincinsu, wato plov. Shinkafa ce, amma ba dafa-duka ba. Ana turara ta daban da man shanu da za'afaran, a dafa naman rago da albasa da busassun 'ya'yan itace daban, sai a faranti suke haɗuwa. A gindin tukunya sukan shimfiɗa ƙullu ko siririyar gurasa ta soyu ta yi ƙamas, suna ce mata ƙazmaƙ. Abin da mu muke ɗauka ƙanzo ne, su da gangan suke yin sa, a ci shi tare da shinkafar. Akwai kuma dolma, niƙaƙƙen nama da shinkafa da aka naɗe a ganyen inabi, ita ma UNESCO ta karɓe ta a 2017.

Amma idan ana neman abincin da ke koya wa mutum natsuwa, sai piti na garin Sheki, a gindin duwatsun Kaukasus. Kowane mai ci da tasa ƙaramar tukunyar ƙasa. A ciki akwai naman rago, kitsen wutsiyarsa, da wani wake mai zagaye, an bar su sa'o'i suna dahuwa a hankali. Ci biyu ake yi masa. Da farko ka gutsuttsura gurasa a kwano, ka barbaɗa garin sumak mai tsami, ka tsiyaye romon a kai, ka sha. Bayan nan ka juye naman da waken, ka murmushe su da kitsen, ka ci.

Gurasar kuwa, wadda ake gasawa a tanderu, tana da daraja ta musamman. Idan ta faɗi ƙasa, dattawa sukan ɗauka su sumbata, su taɓa ta a goshi, su ajiye ta a wuri mai tudu inda ƙafa ba za ta taka ba.

A nan zan dakata, mai tambaya ya ɗaga hannu.